Taubashi a Cikin Kwando

Raƙumin Dawa mutanen Anka suke kiran injin nan, kuma ba su yi ƙarya ba. 'Yar tirela ce mai taya biyu, da dogon wuya na ƙarfe da yake naɗewa ya kwanta a gadon bayanta, a can ƙarshen wuyan kuma akwai kwandon ƙarfe da mutum yake shiga. A-kori-kura ke jan ta. In an isa wurin aiki sai a kafa mata ƙafafu huɗu a ƙasa, a tayar da inji, wuyan ya miƙe ya kai mutum kan fitilar titi mai aiki da hasken rana, ko lasifikar hasumiya, ko reshen darbejiya da ya kwanta a kan waya. Mai ita Injiniya Williams ne, wani ɗan kwangila mutumin Filato da ya daɗe a Zamfara har ya iya cin goro. Shi ke gyaran fitilu daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi. Mai aiki da injin kuwa Lirwanu ne.

Lirwanu mutum ne mai tsantseni, irin tsantsenin da ke gundurar mutane. Kafin a ja Raƙumi ko nan da can sai ya zagaye shi yana shafawa. Ya danna tayoyi ya ji iska, ya gwada notocin taya da sifana, ya leƙa man da ke ɗaga wuyan, ya bi bututun roba da yatsa ko zai ji danshi. Ya ɗure kowace gaɓa da giris har sai tsohon ya fito baƙi. Sannan ya kwantar da wuyan a kan matashinsa, ya zura fil ɗin da ke riƙe shi, ya naɗe ƙafafun nan huɗu ya kulle, ya sauke ƙugiya a kan ƙwallon bayan mota har ya ji ta ce ƙwas, ya gitta sarƙoƙi biyu a ƙarƙashinta. Yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: in ana tafiya, ba a sa komai a cikin kwando, ko da buta ce. Kwandon a can wutsiya yake rataye, duk ramin da taya ta faɗa shi ke shan dukan, abin da ke cikinsa kuma sai ya zama guduma a kan waldar da ke riƙe shi.

Direban a-kori-kurar Surajo ne, ɗan Goggo Aisatu, ƙanwar uban Lirwanu. Wato taubashinsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Taubashi ya zage ka a gaban surukinka, dariya za a yi. Ya ɗauke maka hula a kasuwa, ya ce kai ɓarawo ne, ya ce gidanku ba a ɗora tukunya, ba mai cewa uffan, kuma in ka yi fushi kai ne ƙaramin mutum. Surajo ya samu wannan gona ya shiga da garma. Dogo ne, mai faɗin baki, ga son a san da shi.

"Ɗan kawu," yakan ce in Lirwanu ya duƙa yana matsa giris, "wagga shahwa da kaka yi ma ƙarhe, ko matarka Raihana ba ta samun irinta."

Lirwanu ya rama da abin da ya samu, 'yan tasha su yi dariya, a kama hanya. Haka suka yi shekaru, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Abin ya faru ne da damina. An yi wa dangin Raihana, matar Lirwanu, haihuwa a Bukkuyum, ga kuma aikin fitilu a garin washegari, sai Lirwanu ya shirya injin da hannunsa a Anka, ya yi gaba, ya bar wa Surajo ya jawo shi shi kaɗai. Surajo bai iso ba sai da rana ta take, Raƙumi ya sha taɓo tun daga taya har wuya. Mutanen unguwa sun gaji da jira. Lirwanu ya yi zagayensa kamar kullum, ya kafa ƙafafu a kan katako, ya ɗaura ɗamara ya maƙala ta, ya hau. Bai ga tsagewar da ke ƙarƙashin kwandon ba, taɓo ya shafe ta. Yana kai hannu kan fitilar waldar ta ɓalle. Kwandon ya kife gefe guda, ɗamara ta riƙe shi bai faɗo ba, amma hannunsa na hagu ya shiga tsakanin bakin kwando da turken fitila.

Yana rataye, kansa a ƙasa, ya ga wani abu na zubowa daga lungun kwandon yana wuce fuskarsa. Tsakuwa ce fara mai ratsin ja, irin wadda ake haƙowa daga ramukan zinariya a kai wa masu niƙa. Duk ɗan Anka ya san ta kamar yadda ya san gero. A cikin wannan azaba ya gane komai. Masu shingen hanya ba sa buɗe kwandon injin gyaran fitila, Surajo kuwa ya samu ranar da ba mai hana shi, ya cika shi da buhunan dutse, ya rufa da tamfol, ya ratsa ramukan hanya da gudu.

An ɗora hannun, ƙashi ya kama, amma yatsun suka ƙi dawowa. Sun lanƙwashe sun tsaya, ba sa riƙe ko kofin shayi.

Da ya samu sauƙi ya je gaban Injiniya Williams ya faɗi abin da ya gani. Aka kira Surajo. Surajo ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya har yana dafa bango.

"Oga, kai ma ka san mu. Taubashina na. Bara cewa yay yi ni na sace akuyar liman. In bai yi man sharri ba, wa zai yi ma?"

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, domin kuwa an yi zancen akuyar liman, kuma wasa ne. Ruwan sama ya riga ya wanke tsakuwar, wanda ya karɓi buhunan kuma ba zai zo ya ce ga ni ba. Williams bai yi dariya ba, amma bai gaskata ba. Ya ce shi abin da ya sani, duba inji aikin Lirwanu ne, walda kuma ba ta tsagewa rana ɗaya, lalle an daɗe ba a leƙa ta ba. Ya karɓi makullin injin. Don tausayi bai kore shi ba, ya bar shi a gareji yana wanki da giris da gadin rana. Da aka sake walda, aka ba Surajo makullin, ya zama shi ne direba shi ne mai hawa.

Lirwanu ya kai kuka gida. Goggo Aisatu ta zo da kanta, ta zauna a tabarmar Innarsa, ta kama hannun nan da ya shanye tana hawaye.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Ƙaddara ta. Ko da shi yay yi, ɗan'uwanka na, kuma ba a kai taubashi ƙara. Mi kaka so mutane su ce muna?"

Inna ma ta ce ya yi haƙuri. Kawunnansa suka ce ya yi haƙuri. Haƙuri dai, haƙuri dai, kamar shi ne za a murza a shafa wa yatsun su miƙe. Abin da ya fi ci masa rai ba hannun ba ne. Shi da ake yi wa dariya don yawan duba, yau shi ne a bakin masu shayi ake cewa ya yi sakaci har ƙarfe ya ci shi. Surajo kuma bai bar wasa ba. Ya raɗa masa sabon suna, Ƙugiya, saboda yadda yatsun suka lanƙwashe, yana kiran sa da shi tun daga bakin gareji, mutane suna dariya don ai taubashi ne.

Lirwanu ya tsani Surajo. Tsana ce mai sanyi, wadda yake kwana da ita ya tashi da ita, ya ci tuwo da ita. Abu ɗaya yake so a duniya: makullin nan ya dawo hannunsa. Ya kuma san ba zai dawo ba sai Williams ya ji gaskiya daga bakin Surajo kansa, domin duk abin da ya fito daga nasa bakin sunansa wasa.

Sai ya koma yin dariya. In an ce Ƙugiya ya amsa, har ya ɗaga hannun ya ce a kawo nama ya rataye. Ya koma zolayar Surajo da cewa bawansa ne tun kaka da kakanni. Goggo Aisatu ta ji labari ta yi hamdala, ta aiko wa Raihana da man shanu. Surajo ya saki jiki. Da ma shi irin mutanen nan ne da suke ɗauka in an yi shiru an manta.

A gareji kuwa Lirwanu yana wanke Raƙumi duk ranar da ya dawo daga aiki, kuma mai wanki ba a ɓoye masa komai. Wata bai yi nisa ba ya fara ganin zanen igiya a bakin kwando, inda fenti ya goge. Wata rana ya sa tsinke a lungun ƙasan kwandon ya tono tsakuwa fara mai ratsin ja. Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya juya ta a tafin hannunsa na dama, ya ji wani daɗi mai ɗaci ya taso masa. Bai kai wa Williams ba. Ya san amsar da zai samu: wa ya san ko kai ka saka?

Abin da ya yi, kullum in ya gama wanki sai ya kwanta rigingine a ƙarƙashin kwandon, ya kankare waldar da burushin waya har ta yi fes, ya shafa mata kananzir, ya goge, ya zuba ido ko zai ga siririn layi ya fito. Sabuwar waldar mai kauri ce, tana nan daram. Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da ya kwanta a wurin yana addu'ar ya ga layin, ya yi shiru, ya bar Allah ya yi ikonsa. Bai gani ba.

Damar ta zo da rani, da aka ce fitilun bakin kasuwar Gummi sun mutu, kuma shugabannin kasuwa suna so a gyara ranar da take ci don jama'a su ga ana aiki. Dokar injin ce in mutum yana sama sai wani ya tsaya a ƙasa kusa da akwatin sarrafawa. Wanda ya saba tsayawa zazzaɓi ya kwantar da shi. Lirwanu ya ce shi zai je, tsayuwa ai ba ta buƙatar hannu biyu. Williams ya yarda, ya ce shi ma zai biyo su a motarsa don zai gana da Sarkin Kasuwa.

Da hantsi suka tashi, saboda hanyar nan ba a son yamma ta riski mutum a kanta. Lirwanu ya shirya injin kamar ango. Fil a wuyansa, ƙafafu a kulle, ƙugiya ta ce ƙwas, sarƙoƙi a gitte, ƙaramar tayar gaba a ɗage, fitilun baya suna kamawa. Kwando fayau, ba ko tsinke. A hanya Surajo yana tuƙi yana surutu, yana faɗa wa ramuka kamar da gayya, Raƙumi yana tsalle a madubi. Can wajen wata mararraba wani mutum da ke zaune a kan buhuna a gindin kuka ya miƙe yana ɗaga hannu. Surajo ya kau da kai ya ƙara wuta.

"Ka san shi?" in ji Lirwanu.

"Wa? Ni ban ga kowa ba."

Lirwanu ya yi murmushi ya kalli gonakin da aka girbe. Haka suka wuce Daki Takwas.

Kasuwar Gummi ta cika ta batse. Masu shanu ta can, masu albasa da tattasai ta nan, Fulani mata da ƙoren nono a inuwar rumfa. Da aka ga Raƙumi jama'a suka yi caa. Lirwanu ya kwance shi daga mota, ya sa duwatsu a tayoyi, ya shimfiɗa katakai, ya sauke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana kallon idon ruwan da ke nuna daidaito har kumfar ta zauna a tsakiya. Ya ja igiya ya kewaye wurin don kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Surajo ya shiga kwando yana gyara hula. Ya ɗaura ɗamara a ƙugu don a gani, amma bai maƙala ƙugiyarta a jikin kwandon ba, ya bar ta tana reto. Gaban 'yan mata masu nono ba zai bari a ce yana tsoro ba. Lirwanu ya ga ƙugiyar nan tana reto. Ya gani sarai.

Wuyan ya miƙe, ya miƙe, har Surajo ya wuce kan rumfuna ya kai daidai fitila. Lirwanu ya jira. Ya jira har ya hango motar Williams ta tsaya, ya ga ya fito tare da Sarkin Kasuwa sun nufo wurin suna hira. Sannan ya kai hannunsa na dama kan akwatin, ya murɗa makulli daga na sama zuwa na ƙasa. Daga wannan lokaci duk sandar da Surajo ya taɓa a cikin kwando matacciya ce.

Surajo ya gama kwance fitilar, ya danna sanda zai matsa gefe. Shiru. Ya sake dannawa. Ya leƙo.

"Kai Ƙugiya, mi kat taɓa?"

Lirwanu ya ɗaga kai, ya sa hannu ya kare rana, ya daɗe yana kallon ƙasan kwandon kamar mai karatu. Sannan ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Kada ka motsa, Surajo. Walda ta tsage. Ga ta nan ina gani, daidai inda tawa taɓ ɓalle."

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma wanda ya san abin da ya binne shi ke tsoron a yi shara. Da wani ne a sama da ya ce a sauke shi kawai. Surajo kuwa ya san buhunan da ya ɗora wa kwandon nan a makon da ya wuce da wanda ya gabace shi. Fuskarsa ta sake launi. Ya kama bakin kwandon da hannu biyu.

"Sauke ni. Sauke ni sannu."

"Ba ni iya sauke ka sai na san mi yac ci ta. In nauyi na anka ɗora mata, sauka daban ta. Mi kaɗ ɗora ma kwandon ga?"

"Ban ɗora komi ba. Bar wasa, ɗan kawu."

Jama'a sun fara fahimtar akwai abin kallo. Wani mai albasa ya tambaya ko lafiya, wani direba ɗan Anka da ya san su ya ce taubasai ne. Magana ta zaga kamar wutar kara. Taubasai ne. Shi ke nan, kowa ya gyara tsayuwa. Wani dattijo da ya yunƙura zai sa baki ya koma ya zauna yana dariya, ya ce a bar su, ba a shiga tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Katangar da Surajo ya daɗe yana fakewa a bayanta yau ta kewaye shi, ba mai tsallakowa ya cece shi.

Lirwanu ya ɗora yatsa a kan sanda ya ɗan taɓa ta ya saki. Wuyan ya yi ƙasa kaɗan ya tsaya cak, kwandon ya girgiza, ƙarfe ya yi ƙara. Hular Surajo ta faɗo tana juyi a iska. Kasuwa ta ɗauki shewa.

"Ka ji ta ko?" in ji Lirwanu. "Mi kaɗ ɗora mata?"

"Don Allah, Lirwanu. Don darajar Inna."

Rabon da Surajo ya kira shi da sunansa tun kafin damina. Lirwanu ya ji sunan ya shige shi kamar ruwan sanyi, kuma bai ji tausayi ko ɗis ba. Ya tuna kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama, tsakuwa tana wuce idonsa. Ya tuna Raihana tana ɗaura masa mazagin wando da safe tana kau da kai don kada ya ga fuskarta. Aka ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ya sake taɓa sandar, wannan karon da ɗan nauyi. Kwandon ya yi tsalle. Ƙafar Surajo ɗaya ta zame, ya faɗi a gwiwa, ƙirjinsa ya bugi bakin ƙarfe, rabin jikinsa ya leƙo waje kafin ya ja da baya.

"Dutse na!" Muryarsa ta fashe kamar ta ɗan akuya. "Dutsen zinari na nika ɗorawa. Buhuna. Ina kai ma masu niƙa."

"Ran da munka yi aikin Bukkuyum hwa?"

"Har ran nan. Na cika shi. Na ji sadda yab bugi rami yay yi ƙara, ban hwaɗa ma ba. Ni na, Lirwanu, ni na. Sauke ni."

Kasuwa ta kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya ce kai, wannan ɗan namiji ya iya horon bawa. Wata mai nono ta ce a sa shi ya ce shi ya sace wata ma, zai ce. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyin ƙwayar gero, domin a wurinsu duk cikin wasan ne. Lirwanu bai damu da su ba. Kunne ɗaya ya zo nema, kuma mai kunnen yana tsaye a bakin igiya, ba ya dariya.

Williams ya ɗaga igiyar ya shigo. Ya miƙa hannu. Lirwanu ya matsa. Williams ya kama sandar da kansa, ya sauko da wuyan a hankali, a hankali, har kwandon ya kusa taɓa ƙasa. Surajo bai iya fitowa da ƙafarsa ba, sai da ya rarrafo. Ya zauna a cikin ƙasa, wandonsa a jiƙe, yana numfashi da baki. Williams ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kwandon, ya shafa waldar da yatsa, ya daɗe. Ya miƙe ya kalli ƙugiyar ɗamarar da ke jan ƙasa a bayan Surajo.

Surajo ya ɗago ido. Ba wasa a muryarsa, ba kuma ƙarfi.

"Da na hwaɗo hwa?"

"Da Goggo ta yi haƙuri," in ji Lirwanu. "Ƙaddara ta."

Williams ya ji wannan ma. Ya zare makullin injin ya sa a aljihu, ya ce Surajo ya ba shi na mota, ya nemi hanyar komawa gida, kada ya sake ganin ƙafarsa a gareji. Sannan ya ja Lirwanu gefe, bayan a-kori-kura, inda hayaniya ta ragu.

"Malam Lirwanu, na ji da kunnena. Abin Bukkuyum ba laifinka ba ne. Na zalunce ka, kuma zan faɗa a gareji a gaban kowa, zan je gidanku in faɗa wa Inna."

Ƙirjin Lirwanu ya cika. Ya buɗe tafin hannunsa na dama ba tare da ya sani ba, yana jiran nauyin makulli.

"Tambaya ɗaya," in ji Williams. "Walda lafiya take, na san ka duba ta kafin ka zo. Ɗamararsa fa? Ka ga bai maƙala ba?"

Ƙofa a buɗe take. In ya ce rana ta kashe masa ido, ko ya ce daga ƙasa ba a gani, wa zai ƙaryata shi? Amma ya gaji da maganar da ake ɗauka wasa, kuma a can cikin ransa yana so a san cewa da saninsa ya yi.

"Na gani, Oga."

"Ka gani, ka girgiza shi sau biyu."

"Na gani."

Williams ya sunkuyar da kai, ya murza goshinsa. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Wanda ke ƙasa, ran wanda ke sama ne a hannunsa. Kai ka koya mini wannan. Yanzu wa zan sa a kwandon nan in ce masa Lirwanu ne a ƙasa? Ba za ka ƙara taɓa injin nan ba, ko da tsumma."

Ya juya ya tafi naɗe ƙafafun Raƙumi da kansa.

Lirwanu ya tsaya da hannunsa a buɗe har ya ga ba amfani, ya mayar da shi aljihu. Ya laluba zuciyarsa ko zai samu nadama, bai samu ba. Muryar Surajo tana cewa ni na, ni na, tana nan tana yi masa daɗi, kuma ya san za ta daɗe tana yi. Sai dai a ƙarƙashin daɗin akwai wani rami, kuma ya san shi ma ba zai cike ba.

Ya ratsa kasuwa ya nufi tasha. A bakin motar Anka wani mai faci da ya kalli abin tun farko ya dafa kafaɗarsa yana dariya har yanzu.

"Kai, yau kun ba mu nishaɗi. Don Allah in kun gama da kasuwa ku biyo ta unguwarmu, lasihikar masallacinmu ta mutu tun azumi. Yaushe kaka kawo muna shi?"

"Ba ni aikin ga yanzu," in ji Lirwanu.

Ya tura shanyayyen hannunsa cikin riga don kada a matse shi, ya shiga mota.